Sauya Kamfanin Dish a Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Ɗaurawa da Kansa

Waɗannan su ne tambayoyin da magidanta suka fi yi wa masu ɗaura dish idan kuɗin wata ya yi musu nauyi, ko tashoshin da iyali ke so suna wani kamfanin. Duk lissafin kusurwa da ke ƙasa na cikin garin Sakkwato ne, wanda ke kan digiri 13 arewa da digiri 5 da ɗan ɗoriya gabas. Ya yi wa Wamakko da Kware da Boɗinga daidai. Wanda ke Illela ko Tambuwal zai ga bambancin 'yan digiri kaɗan.

Malam, idan na bar wani kamfani na koma wani, dole sai na sayi komai sabo?

A'a. Dikoda ce kawai ba makawa, domin kowane kamfani ya kulle tasa da tashoshinsa. Dikodar DStv ba ta buɗe StarTimes, ta StarTimes ba ta buɗe Canal+, kuma duk wanda ya ce zai sauya maka ita da kwamfuta kuɗinka yake so. Faranti kuwa ƙarfe ne kawai mai tattara sigina ya mayar wa LNB, wato 'yar na'urar da ke kan hannun faranti wadda waya ke fita daga gare ta, tambarin da aka buga a fuskarsa ba ya aikin komai. Waya ma haka. Idan farantinka bai lanƙwashe ba, wayarka ba ta sha ruwa ba, aikin da ke gabanka shi ne juya farantin ya kalli wani tauraron ɗan adam, ka murɗa LNB ta dace da shi. Yawancin sababbin dikodoji da nasu farantin ake sayar da su, amma idan tsohon naka mai santimita 90 ne sabon kuma mai 60, riƙe tsohon.

To idan GOtv zan koma fa?

Wannan ba harkar faranti ba ce. GOtv daga hasumiya a ƙasa take zuwa, eriya ake ɗaga mata a kan dogon ƙarfe. StarTimes tana da iri biyu, ta eriya da ta dish, har da dikoda mai haɗa biyun, don haka ka tambayi mai shago tun kafin ka biya. Tsohuwar wayar dish tana yi wa eriya aiki. Farantin dai sai ka bar shi, ko ka sa masa rasiba ta tashoshin kyauta.

Ina kowane tauraro yake idan mutum yana Sakkwato?

Lambar da ake kiran tauraro da ita, kamar digiri 36 gabas, matsayinsa ce a saman tsakiyar duniya. Ba ita za ka saita a jikin faranti ba. Mutane da yawa sukan sa 36 a ma'aunin ɗagawa da ke bayan faranti su wuni suna juyi ba su ga komai ba. Abin da kake bukata biyu ne: ina za ka fuskanta, da nawa za ka ɗaga.

DStv a Najeriya tana kan tauraron Eutelsat na digiri 36 gabas. Daga Sakkwato, fuskarsa digiri 111 ce a kamfas, ɗagawa kuma 51. Ga wanda ba ya da kamfas: alƙiblar Sakkwato tana wajen digiri 71, saboda haka ka tsaya kamar za ka ta da salla, ka karkata hannun dama da digiri 40, wato ɗan ƙasa da rabin kusurwar ɗaki. StarTimes ta dish tana kan SES-5 na digiri 5 gabas, wanda kusan layi ɗaya yake da garin nan. Kudu sak ake fuskanta, digiri 180 zuwa 181, a ɗaga har 75, farantin ya zama kusan kwance yana kallon sama. Eutelsat na digiri 16 gabas yana kan 140, ɗagawa 70. Badr na Arabsat, digiri 26 gabas, yana kan 121, ɗagawa 61 zuwa 62. Nilesat na digiri 7 yamma yana kudu maso yamma, 224, ɗagawa 69, kuma yana son faranti babba domin muna gefen inda siginarsa ke sauka. Canal+ da 'yan'uwanmu na Ƙonni da Tawa ke kallo tana kan digiri 22 yamma: 246, ɗagawa 55. NigComSat-1R namu na gida, wanda aka harba a 2011, yana digiri 42.5 gabas: 106, ɗagawa 45.

Kamfas na waya ya isa, amma ka ja baya da faranti da rufin kwano kamar taku uku kafin ka karanta, ƙarfe yana rikita shi.

Inda tsohon yake zai yi, ko sai na sauya wuri?

Nan ne aka fi faɗuwa. Farantin da aka kafa a bangon gabas don DStv, idan ka juya shi kudu ka kwantar da shi don StarTimes, sau da yawa bayansa zai daki bango kafin ya kai 75, ko kuma bakin kwanon rufi ya tare masa sama. Sigina ba ta ratsa kwano, ba ta ratsa siminti, ba ta ratsa ganyen dogon yaro. Ka kuma sani cewa faranti mai siffar ƙwai, wanda hannun LNB ke fitowa daga ƙasansa, yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da kamar digiri 22 zuwa 26. Kana ganin kamar katangar maƙwabci yake kallo, alhali sama da ita yake hange. Akasin haka ma yana faruwa: gabansa fili, amma reshen da ke bisa kansa ya tare shi.

Lissafin tazara mai sauƙi ne. A ɗagawa 51, duk mita ɗaya da ka ja baya da cikas, layin sigina yana hawa mita ɗaya da kwata. Ginin da ya fi farantinka tsawo da mita biyar, ka ba shi mita huɗu da 'yan kai. A ɗagawa 75 kuwa mita ɗaya tana ba ka fiye da mita uku da rabi, shi ya sa ko a matsattsen tsakar gida na cikin gari StarTimes tana kamawa daga ƙasa. Tsawo ba ya ƙara sigina ko kaɗan. Tauraron yana nesa da kusan kilomita 36,000, hawa soro bai rage komai ba. Abin da hawa ke ƙarawa shi ne iska.

Mu a ganinmu, bututun ƙarfe mai inci biyu da aka kafa a ƙasa ya fi komai a garin nan. A haƙa rami mai zurfin santimita 50 zuwa 60, a walda ɗan guntun rodi a gicciye a gindin bututun don kada ya juya cikin kankare, a kwaɓa kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a bar shi kwana biyu zuwa uku ana yayyafa ruwa. Bututun ya tsaya cak. A gwada shi ta fuska biyu da ma'aunin magina, ko da zare mai dutse a ƙarshe. Idan ya karkata, lambobin ɗagawa da ke jikin faranti sun zama ƙarya, kuma duk juyin da ka yi dama ko hagu zai riƙa sauya maka ɗagawa.

Idan bango ne dole, a nemi linta ko ginshiƙi a huda. Kusoshin da ke buɗewa cikin rami suna fasa bulo mai rami a ciki, farantin ya tsaya lafiya duk rani, iskar farkon damina ta Mayu da Yuni ta fizge shi da guntun bulon. A irin wannan bango gara a huda ya ɓulle, a zura dogon ƙarfe mai zare, a sa faifan ƙarfe da noti ta ciki. Ginin ƙasa ba a kafa masa faranti sam. Mai haya ya nemi izinin mai gida kafin ya huda, kuma duk mai hawa bisa ya aika yaro ya sanar da gidajen maƙwabta tukuna, kamar yadda aka saba.

Waɗanne kayan aiki zan tanada?

Sifana mai lamba 10 da mai 13, filaya, wuƙa mai kaifi ko reza, sukundireba, alƙalami mai rubutu a ƙarfe, ɗan man inji don notin da ya yi tsatsa, kawunan waya masu zare guda huɗu ko shida, salatif na wuta, da kusoshin maƙale waya a bango. Abin da ya fi duka amfani shi ne ƙaramar talabijin da doguwar wayar wuta, ka fito da ita da dikodar kusa da faranti. Aikin da ake yi mutum ɗaya yana sama ɗaya yana ɗaki yana ƙwala "ya zo, ya tafi" ba ya ƙarewa da wuri.

Ta yaya zan gane tsohon farantin yana da lafiya?

Ɗaura zare biyu a bakinsa, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga dama zuwa hagu. Idan sun taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, farantin daidai yake. Idan akwai rata, ya murɗe, kuma ba saitin da zai gyara shi. Duba hannun LNB ma, yara sukan yi lilo da shi, a ƙauye kuma awaki kan soshe jiki. Tsatsa ta sama-sama ba matsala, a goge a shafa fenti marar ƙyalli. Fenti mai ƙyalli yana tattara rana kan murfin LNB ya narkar da shi, kuma kowa ya san ranar Afrilu a Sakkwato.

LNB ɗin fa, ita ma tana yi wa kowa?

Wadda aka rubuta Universal a jikinta tana yi wa duk taurarin da muka ambata. Lambobinta 9750 da 10600, su za ka gani a shafin saiti. Dikoda tana tura mata wuta ta cikin wayar nan guda: bolt 13 don tashoshin da aka yi wa alamar V, bolt 18 don masu H, da wani sauti na 22kHz da ke sauya ta daga ƙananan mitoci zuwa manya. Wadda za ka lura da ita ita ce Smart LNB da ake sa wa dikodar DStv da ake kira Explora. Wasu bakunanta an rubuta Unicable, kuma dikodar wani kamfani ba za ta ga komai a nan ba. Ka nemi bakin da aka rubuta Universal, ko ka sayi LNB ta gama-gari.

Murɗa LNB a mazauninta shi ne abin da masu koyo ke mantawa, kuma a ƙasarmu da ke kusa da tsakiyar duniya murɗin yana da yawa. Ka tsaya gaban faranti kana kallon fuskarsa, ka ɗauki LNB kamar agogo, inda waya ke fita shi ne hannun agogon. Don StarTimes, ƙarfe shida, waya ta kalli ƙasa. Don DStv, murɗin kusan digiri 65 ne, waya ta koma wajen ƙarfe takwas, hannunka na hagu. Digiri 16 gabas, ƙarfe bakwai da ɗan wucewa. Nilesat, tsakanin huɗu da biyar. Canal+, ƙarfe huɗu. Wanda ya baro DStv ya juya faranti daidai amma ya bar LNB a ƙarfe takwas, ko dai ya rasa sigina gaba ɗaya ko hoto ya riƙa tsinkewa. Kuma a duba murfin roba na gaba. In ya tsage, ruwan farko zai kashe ta.

Wace waya ce mai kyau, kuma yaya ake ɗaura mata kai?

RG6. Siririyar nan RG59 ta kyamarar tsaro tana cinye sigina. Ka tafi shago da ɗan maganaɗisu: idan ya kama tsakiyar wayar, ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla, yana aiki a gajeren zango amma tagulla zalla ta fi idan zangon ya yi tsawo. Har mita 30 ba damuwa. Ya haura 50, wutar da ke isa LNB takan ragu, bolt 18 ya kasa kaiwa, sai tashoshin H su ɓace na V su tsaya.

Wajen ɗaura kai, a yanke baƙar fatar waje kamar santimita ɗaya da rabi ba tare da an yanke ragar da ke ƙasa ba, a mayar da ragar baya ta kwanta kan fatar, a fere farin roban ciki a bar kamar milimita 5, sannan a murɗa kan har farin ya zo daidai da gindin ramin. Tagullar tsakiya ta leƙo bakin kan da milimita 2 zuwa 3. Zare ɗaya tak na raga idan ya taɓa tsakiya, dikoda za ta daina ba LNB wuta, wata ma ta ƙone. Saboda haka ne ake cire dikoda daga wuta duk lokacin da za a ɗaura waya ko a kwance ta. A naɗe haɗin waje da salatif sosai, a bar waya ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje. Tsohuwar waya kuwa a kwance kanta a duba: tagulla ta yi baƙi ko kore, raga ta zama gari, ruwa ya shiga. A yanke har inda ta yi haske, in ba a samu ba a jefar.

To, yaya ake neman siginar kanta?

Kafin ka taɓa noti, ja layi da alƙalami daga maƙalin faranti zuwa bututu, ka yi alama a ma'aunin ɗagawa da wuyan LNB. Idan abin ya gagara, ka mayar da tsohon cikin minti biyar, iyali ba su kwana ba kallo ba.

Haɗa sabuwar dikoda, ka shiga shafin sigina. Layi biyu za ka gani, Strength wato ƙarfi, da Quality wato inganci. Murɗa LNB zuwa inda muka faɗa. Saita ɗagawa a lambarta, ka ɗaure notin ɗagawa ba can-can ba. Sassauta notin bututu daidai yadda faranti zai juya da ɗan ƙarfi amma ba zai sunkuya ba. Idan ya yi sako-sako, ɗagawarka ta tafi. Tsaya a bayansa, kada jikinka ya shiga tsakanin LNB da faranti, ka kai shi kusa da inda kamfas ya nuna, sannan ka fara turawa kaɗan-kaɗan.

Kaɗan ɗin nan gaske ne. Faranti mai santimita 90 yana gani ne ta ƙofar da ba ta fi digiri biyu ba, kuma digiri ɗaya a bakin farantin bai kai santimita ɗaya ba. Ka tura kamar kaurin fensir, ka tsaya ka ƙirga uku, domin dikoda tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. Mai gaggawa yakan ratsa ta kan tauraron sau goma bai sani ba. Ka share digiri goma dama, goma hagu. Ba a samu ba, ƙara ɗagawa da digiri ɗaya ka sake sharewa, sannan ka rage. Ma'aunin da ke jikin faranti mai araha yakan yi kuskuren digiri biyu zuwa uku.

Da inganci ya motsa, ka nemi ƙololuwarsa ta dama da hagu, sannan ta sama da ƙasa, sannan ka murɗa LNB kaɗan, ka kuma tura ta gaba ko baya a mazauninta. Idan layin ya cika har ba ka ganin bambanci, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a fuskar LNB. Sigina za ta ragu kamar ana ruwa, ka sake saitawa har lambar ta kai iyakarta, ka cire ƙyallen. Wajen ɗaurewa, a bi notin bi da bi, wannan rabin juyi wancan rabin juyi, ido na kan talabijin. Ɗaure gefe ɗaya gaba ɗaya yana jan faranti ya sauka daga inda ka wahala ka samu.

Ƙarfi ya kai 80 amma inganci sifili. Me ke nan?

Ƙarfi yana nuna cewa LNB tana samun wuta kuma waya a haɗe take. Ko bango ka nuna mata zai hau. Inganci ne ke cewa ka sami tauraron da dikoda ke nema. Idan akwai ƙarfi babu inganci: ko ba ka kan kowane tauraro, ko kana kan na maƙwabta, ko murɗin LNB bai yi ba. Tsakanin digiri 36 da 5 akwai taurari da dama, kuma ɗan akwatin nan na neman sigina mai ƙara da ake sayarwa yana yi wa kowannensu kuka. Idan ƙarfin ma sifili ne, bar faranti ka koma kan waya da kawunanta. A DStv, idan talabijin ta nuna saƙon E48-32 rashin sigina ne, E16 kuwa maganar biyan kuɗi ce, ba ta sifana ba.

Na sami sigina amma tashoshi a kulle suke.

Sai an yi wa dikodar rajista da lambar katinta, wadda ke jikin katin ko a ƙarƙashin dikodar. Saƙon buɗewa ta tauraro yake zuwa, don haka a bar ta kunne kan wata tasha lokacin da aka biya. Sabuwar dikoda takan sauke manhaja a kunnawar farko; kada a kashe janareta a tsakiyar wannan.

Me ya sa hoto ke ɗaukewa tun ruwa bai sauko ba?

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, farantin DStv kuma can yake kallo, don haka siginar ta riga ta ratsa cikin ruwan kafin ya iso unguwarku. A mamakon Agusta kowane faranti yana ɗaukewa na ɗan lokaci. Amma idan yayyafi ma yana kashe naka, saitin bai kai ƙololuwa ba ko farantin ya yi ƙanƙanta. Ƙurar hunturu ba ta cika hana sigina ba, a dai goge fuskar LNB. Farantin StarTimes da yake kusan kwance yana tara ƙasa da ganye, a riƙa share shi. Akwai kuma 'yan kwanaki a tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba da rana ke bi ta bayan tauraro daidai, hoto ya tafi na 'yan mintoci, na DStv da hantsi, na StarTimes da tsakar rana. Ba a taɓa komai, da kansa yake dawowa.

Zan iya raba waya ɗaya ga dikoda biyu, ko in kama kamfani biyu da faranti ɗaya?

Raba waya da ɗan akwatin rabawa yana jawo rigima: dikodar falo tana neman bolt 18, ta ɗakin uwargida tana neman 13, LNB kuma ɗaya za ta bi. A sayi LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta. DStv da StarTimes a faranti ɗaya ba zai yiwu ba, digiri 31 ke tsakaninsu. Taurarin da ke kusa, kamar 5 da 16, ana iya ɗaura musu LNB biyu a babban faranti, sai dai ta gefe ba ta kai ta tsakiya ƙarfi. Makunnin DiSEqC da ke haɗa LNB huɗu a waya ɗaya na rasibar tashoshin kyauta ne, dikodojin kamfani da yawa ba su san shi ba.

Wuta da zafi fa?

Yawancin dikodoji bolt 12 suke ci, amma a karanta bayan kowace, kuma kada a sa wa sabuwa cajar tsohuwa don kawai bakin ya shiga. Mai sola kada ya jona ta kai tsaye da batir, domin yana haura bolt 14 lokacin caji. Kada a rufe ta da ƙyallen ado ko a ɗora ta kan wata na'ura mai zafi. Idan ana tsawa, a cire filogi da wayar dish duka biyu.

Tsohon kamfanin zai ci gaba da cire mini kuɗi?

Biyan gaba ake yi, in wata ya ƙare ba ka sabunta ba tashoshi su rufe. Abin dubawa shi ne ko ka taɓa sa banki ya riƙa biya da kansa. In haka ne ka soke. Mafi kyau ka yi aikin sauyin ana saura kwana biyu ko uku kuɗin tsohon ya ƙare. Mai sayen dikoda ta hannu kuwa ya sa a kunna ta gabansa, ya tabbatar katin nata ne, ya kuma tambayi ofishin kamfanin yadda za a mayar da rajistar sunansa da lambar wayarsa.

Yaushe ya kamata in haƙura in kira mai sana'ar?

Idan farantin yana kan bene ko rufin kwano mai santsi, ko wayar wutar layi ta ratsa kusa da inda za ka ɗaga ƙarfe. Haka idan Explora ce za a haɗa da wasu dikodoji a gida ɗaya, domin kowace tana da lambar mita da ake ba ta a Smart LNB, in biyu suka yi karo duka su rikice. In ya gama, ka ce ya nuna maka lambar inganci a tasha mai H da mai V, ka rubuta su a bayan takardar dikoda tare da kwanan wata, ya kuma ja maka layin alama a bututu.